Zazzaɓin Kwamfutar Sista Kishwar

A unguwarmu ta bayan Ƙofar Bohar, cikin tsohon birnin Multan, in aka ce "Sista" ba sai an ƙara suna ba. Kishwar ake nufi, matar Mushtaq na gidan waya. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin yara na asibiti, kuma rabin ƙattin layinmu da ke yawo yanzu suna murza gashin baki, ta taɓa kife su a cinya ta tsira musu allura. Shi ya sa har wanda ya zama ɗan sanda, in ya hango ta, yakan sauka daga babur ya gaida ta da ladabi, yana ɗan jingina bayansa da bango.

Ubanta mai ɗinkin takalma ne, ita ce ta uku cikin 'ya'yansa. Tana da shekara tara ƙanenta Javed ya kwanta zazzaɓi a tsakiyar bazara. Kakarsu ta lulluɓe shi da bargo uku, ta rufe taga, wai ya yi gumi ciwon ya fita. Ciwon bai fita ba, yaron aka fita da shi. Kishwar ba ta cika ba da wannan labari ba. Amma duk wanda ya ga yadda take fizge bargo daga jikin yaro mai zazzaɓi, ba sallama ba neman izini, ya san akwai wani abu a ƙasa.

A asibiti da bayan hannu aka san ta. Za ta ɗora shi a goshin yaro ta ce, "Ɗari da biyu da rabi." A kawo ma'auni a sa, sai a ga ɗari da biyu da rabi. Ranar da ma'auni ya saɓa mata kuwa, likitoci sukan ce a kawo wani ma'aunin. Lambobin nan sun zauna mata kamar ƙidayar raka'a: casa'in da takwas da rabi lafiya lau, ɗari a sa ido, ɗari da uku a tuɓe yaro a kawo ruwa da tsumma.

Mijinta kuma Allah ya halicce shi ne don naɗe kaya. Duk shekarunsa na gidan waya a teburin ƙunshi ya yi su, yana ɗinke kaya cikin farin ƙyalle, yana ɗiga jan kaki a kan ɗinkin. Da ya yi ritaya sai ya dawo da sana'ar gida. Mu mutanen garin nan dama ba ma son cire wa sabon abu leda, amma Mushtaq shi ne limaminmu. Kujerun falonsu shekara goma sha tara suna cikin ledar da aka sayo su da ita. Baƙo in ya zauna a kai da zafin nan, tashinsa sai an ji ƙara kamar ana yage takarda. Rimot na cikin leda, ledar na cikin wata ledar. Ta jikin firji in ta fara ɓarewa, yakan bi ta da farce ya mayar da ita.

"Baban Shagufta," in ji Kishwar wata rana, tana kiran sa da sunan 'yarsu, "in na riga ka, don Allah likkafani ɗaya ya isa."

"Kwantar da hankalinki, Sista Sahiba, ranki ya daɗe. Sabon kaya nake naɗewa."

Haka suke, shekara talatin da huɗu, kuma ba wanda ya taɓa jin an fasa ko faranti a gidan.

Da ta ajiye aiki, wata uku ta yi tana zaune. Ta gyara akwatunan gidan sau biyu, ta auna hawan jinin duk wanda ya shigo aron albasa. Sai ga Nasrin, wadda ta koyi aiki a hannunta, yanzu kuma take zagayen duba mata da yara a ƙauyukan wajen Shujabad. Suna shan shayi Nasrin, da ke kiran ta Baji, wato yaya, ta ce, "Baji, har yanzu fa suna lulluɓe su. Shekaranjiya na tarar da ɗan wata takwas cikin bargo biyu. Na yi wa uwar yaron magana, uwar mijin ta ce ni yarinya ce, me na sani."

Kishwar ta ajiye kofi. "In tsohuwa ta faɗa musu fa?"

Daga nan ta samu aiki. Ta ari 'yar tsana a maƙwabta, ta jingina wayarta da tulun ruwa, ta riƙa ɗaukar kanta tana bayani da Saraiki, harshen da matan ke ji: yadda ake tuɓe yaro, yadda ake shafa masa ruwa, lambar da in an gani a nemi mota. Guntu-guntu har ashirin da shida. Matsalar ita ce haɗa su su zama abu guda, don da ta fara sai wayar ta sandare. Ta kira 'yarta Shagufta, da ke aiki a Lahore, ta kai ƙara. Bayan sati biyu sai ga kwalaye bakwai a ƙofar gida, da saƙo: "Ammi, kayan kwamfuta ne. Kar ki taɓa, sai na zo da Sallah na haɗa miki."

Sallah saura wata ɗaya da rabi. Nasrin kuwa ta riga ta samu aron ɗakin makarantar ƙauye da babban talabijin na rana ɗaya tak, ranar Alhamis ta sama, ta kuma bi gida-gida ta gayyato mata arba'in. Matan ƙauye ba kullum ake samun su bar gona da dabbobi su zauna ba. In aka tara su aka ce babu, ba za su sake zuwa ba.

"Hannun da ya nemo jijiya a ƙafar bakwaini," in ji Kishwar tana yanka igiyar kwali, "shi ne zai kasa ɗaura noti?"

Ta shimfiɗa farin zanen gado a kan teburin cin abinci, ta wanke hannu har gwiwa, ta kunna bidiyon wani saurayi da ke koyar da haɗawa. Mushtaq aka ba aikin miƙo kaya, yana karɓar kowace leda yana ninkewa kamar takardar gado. Ta sa ƙwaƙwalwar kwamfutar a gurbinta, 'yar aba kamar akwatin ashana da aka danne. Sai abin da ke sanyaya ta: fanka mai haƙarƙarin ƙarfe da gindin tagulla, wanda ake dannawa a kan ƙwaƙwalwar ya riƙa zuƙe mata zafi. A gindin akwai 'yar siririyar leda. Saurayin bidiyo ya ce a ɓare, ta ɓare ta ajiye a gefe. Tagullar ta fito tana walƙiya kamar madubin amarya.

A daidai nan ƙaurin miyar wake ta dal ya taso daga kicin. Ta tashi da gudu, ta bar Mushtaq shi kaɗai da teburin na minti biyar.

Da ta dawo ta tarar ya kife fankar a kan kwalinta, yana zaune kamar wanda bai taɓa motsi ba. Ta buɗe man toka-toka da ake ɗigawa tsakanin ƙarfen biyu, sai ta ga a cikin sirinji ya zo. Daɗi ya kama ta. "Ka gani? Su ma sun san wa suka aiko wa." Ta ɗiga daidai ƙwayar wake, ta ɗauki fankar ta danna a kai, ta ɗaure noti huɗu. Kafin la'asar kwamfuta ta kama. Kishwar ta aika wa Shagufta hoto ba tare da ta rubuta ko kalma ba.

Shagufta ta kira nan take, rabi faɗa rabi dariya. Ta bi uwar mataki-mataki har suka sa duk abin da ake buƙata, ciki har da wani ɗan akwati a gefen allo da ke nuna zafin ƙwaƙwalwar. "Ki riƙa dubawa, Ammi, garin nan naku tanda ne. In zafin ya yi yawa..."

"Ni za ki koya wa duba zafi? Tun ba ki da haƙori nake auna ki."

Ta samo kwali ta ja layi, ta yi kati irin na gadon asibiti, ta rataye a jikin kwamfutar da zare. Safe, rana, yamma. In kwamfutar na zaune ba aiki, saba'in da ɗaya. Kishwar ta ce ai inji ne, ba jini gare shi ba, dole ya fi mutum sanyi. In ta sa ta haɗa bidiyo, sai lambar ta hau: casa'in da biyar, casa'in da bakwai, casa'in da takwas. Ta gyaɗa kai ta rubuta, *ba zazzaɓi*. Don ƙarin tabbaci ta buɗe murfin gefe ta ɗora bayan hannu a haƙarƙarin fankar. Sanyi ƙalau.

Sai dai majinyacin nan mai lafiya yana da wani hali. Fankar za ta yi ta gurnani kamar injin niƙa, aikin ya riƙa jan ƙafa, layin da ke nuna ci gaba ya kai wajen rabi, sai ɗif. Allo ya yi baƙi. Ran Litinin sau biyu. Ta ce masu wuta ne, sai ta ɗaga kai ta ga fankar silin na juyawa abinta. Ran Talata sau uku. Mushtaq ya ce bakin mutane ne, tunda duk layin sun shigo kallo, ya ɗaura baƙin ƙyalle a ƙafar teburin. Shagufta ta kira daga wurin aiki a gurguje ta ce, "Zafin fa?" Uwar ta ce, "Lafiya lau, ko ɗari bai kai ba," amma Shagufta rabin farko kawai ta ji, don ana kiran ta taro.

Ran Laraba da hantsi Nasrin ta bugo. "Baji, gobe ƙarfe tara. Har uwar mijin nan ta ce za ta zo, wai ta ga tsohuwar da ta fi ta sani."

"Za ta gan ta," in ji Kishwar. Ta ajiye wayar, ta zauna gaban kwamfutar, ta yi tagumi. A asibiti ba abin da ta tsana kamar yaron da katinsa ke cewa lafiya alhali yana suma. Ta sake kunna aikin karo na shida, ta zura wa lambar ido tana hawa.

Mushtaq na kwance a kujerar ledarsa da 'yar shara, yana fifita da jarida, rediyo na faɗin yanayin gari. "Arba'in da shida," ya ce. "Jiya na ga takalmin mai kayan miya ya maƙale a kwalta. Ni dai, Sista Sahiba, jahili ne, amma akwai abin da ban gane ba. Mu arba'in da shida muna neman shahada. Ita wannan casa'in da bakwai, kin ce garau take."

"To ai shi ya sa aka ce kowa ya tsaya a sana'arsa. Awon gari daban, awon jiki daban. Na rediyo shi ne mai harafin C, wanda ruwa ke tafasa a ɗari. Namu na asibiti mai F ne. An koya mana duka biyun a makaranta, ni na zo ta biyu a..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta laluba tabaranta da ke rataye a wuya, ta sa, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon. A gefen casa'in da bakwai ɗin akwai wani ɗan mitsitsin harafi, kamar ƙwayar riɗi. Kwana uku tana kallon lambar, ba ta taɓa kallon maƙwabcinta ba. Ba F ba ne.

Ta miƙa hannu ta kashe kwamfutar da kanta.

"Me aka yi?" in ji Mushtaq.

"Saura uku ta dafa maka shayi."

Ya tashi zaune, kujerar ta yi ƙararta. Ya ɗauki katin da ke rataye ya karanta a hankali, da murya irin ta mai sanar da isowar jirgin ƙasa. "Litinin, ba zazzaɓi. Talata, ba zazzaɓi. Allahu Akbar. Shekara talatin da ɗaya! Wace ce ta zo ta ɗaya a ajin naku? Ko tana da lambar waya?"

Hankalinta ya riga ya tafi wani wuri. In ƙwaƙwalwar na ci da wuta haka, me ya sa fankar da ke manne da ita take sanyi? Ta sake taɓa haƙarƙarin. Sanyi. Ta juya akwatin, ta kwance murfin ɗaya gefen, ta kai bayan hannunta daidai bayan gurbin ƙwaƙwalwar. Ta janye da sauri tana yarfe hannu.

Wannan kam ta san shi. Ta sha ganin yaro hannu da ƙafa kamar ƙanƙara, ƙirji kamar murhu. Irinsu ne ke ruɗin uwa ta ƙara bargo.

"Zafin na ciki, ba ya fita," ta ce. "Wani abu ya tare shi. Miƙo min sukudireba."

Mushtaq ya miƙo, amma dariyar ta ragu a fuskarsa. "Ni ina ganin a bari Shagufta ta zo."

"Miƙo min auduga."

"Akwai wani mai gyara a bakin kasuwa, mutumin kirki..."

Ta kwance noti huɗun, ta murɗa fankar a hankali ta ɗago, ta juya gindin sama. Man toka-toka ya baje a kai. Ta goga da auduga sau ɗaya. A ƙarƙashin man, shimfiɗe sumul ba ko kumfar iska ɗaya, irin aikin gwanin da ya san sana'arsa, ga 'yar ledar nan. Gefenta har ya fara ƙanƙancewa don wuta.

Ta ɗago ta da farce biyu, ta riƙe ta a tsakaninsu. Ta juyo ta dube shi.

"Baban Shagufta. Na ɓare wannan da hannuna."

Ya dubi silin, ya dubi ƙofa, ya dubi yatsun ƙafarsa. "Tagullar ce ta ba ni tausayi. Tana ta ƙyalli, ga ƙura a garin nan. Na ce kar ta karce."

"Ka lulluɓe min majinyaci."

"Ke kuma kin rubuta masa sallama sau bakwai."

Suka tsaya suna kallon juna, ita da leda a hannu, shi da kati. Ita ta fara fashewa da dariya, har sai da ta zauna a ƙasa tana share hawaye da gefen mayafi. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Sauran aikin na hannun ma'aikaciyar jinya ne. Ta ɗauko kwalbar sifirit daga akwatinta na magani, ta goge ƙarfen biyu tas kamar za ta yi allura. Sirinjin nan akwai saura, don Mushtaq ya adana shi a ledarsa, kuma bai bar ta ta manta da hakan ba. Ta ɗiga ƙwayar wake, ta danna, ta ɗaure. Shi kuma ta sa shi ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa a baya.

Ta kunna. Arba'in da huɗu.

"Ta fi mu shan iska," in ji Mushtaq daga bakin ƙofa.

Amma Kishwar ba ta danna aikin ba tukuna. Ta zauna tana juya tabarau a hannu. Sai ta tashi ta buɗe akwatin maganin, ta zaro wani ma'auni na batir da wata maƙwabciya ta kawo mata kwanaki, tana cewa ya lalace, wai yaronta na rawar ɗari amma abin talatin da tara yake nunawa. A lokacin Kishwar ta taɓa goshin yaron ta ba da magani, ta jefa ma'aunin a akwati ba ta ko duba ba. Yanzu ta kunna shi ta kai kusa da ido. Ga ɗan harafin nan a gefe, shi ma kamar ƙwayar riɗi. Irin waɗannan ma'aunai sun cika kantunan magani, har na ƙauye.

Ta jingina wayar da tulu, ta gyara mayafi, ta ɗauki guntu na ashirin da bakwai. Ta ɗaga ma'aunai biyu, ta nuna inda harafin yake, ta ce a wannan talatin da tara zazzaɓi ne mai ƙarfi, daidai yake da ɗari da biyu a wancan. Ta ce, "Kar kunya ta hana ku tambaya. Ni da na tsufa a asibiti, satin nan na yi wannan kuskuren, sau bakwai." Ba ta faɗi wane ne majinyacin ba.

Bayan azahar ta danna aikin. Su biyu suka ja kujera suka zauna gaban allo da farantin mangwaro, kamar masu jira a ƙofar ɗakin haihuwa. Lambar ta hau sittin da biyar, ta hau saba'in da biyu, ta tsaya. Kishwar ta ɗora bayan hannu a haƙarƙarin fankar, ta ji ɗumi yana fitowa, ɗumi mai kyau irin na yaron da zazzaɓi ya sake shi. Layin ya wuce rabi. Mushtaq ya daina tauna. Ya wuce kashi uku cikin huɗu. Ya kai ƙarshe.

Ran Alhamis mata talatin da bakwai suka zo, wasu da goyo. Nasrin ta ce wurin da suka fi yin shiru shi ne na bargo, wurin da suka fi dariya kuma shi ne na "sau bakwai". Uwar mijin nan ta zauna a layin gaba ta naɗe hannu har aka gama. Da ana watsewa ta tare Kishwar a bakin ƙofa, ta kwance bakin mayafinta, ta fito da ma'auni na batir, ta tura mata ƙarƙashin hanci.

"Idona ba ya gani," ta ce. "Duba min, wanne harafi ne a nawa?"

Yanzu Kishwar na kan bidiyo na uku, na gudawar yara. Katin na nan rataye, an dai sake masa layi, an rubuta C ƙato a sama da jan biro. Shagufta da ta zo Sallah ta buɗe akwatin ta duba ko'ina, ba ta samu abin gyarawa ba, sai ta koma cin mangwaro. 'Yar ledar kuwa Mushtaq bai yarda an jefar ba. Tana cikin ambulan, ambulan ɗin na cikin leda, a aljihun tebur. Ya ce in za a sayar da fankar wata rana, mai saye zai tambaya.